Wanda Ya Tone Kabarin Bayan Masaƙa

Da hantsin ranar Asabar, saura kwana biyu a fara haƙa, mai gadi ya tarar an taɓa kabarin da ke bayan tsohuwar masaƙa. Kafin azahar babu gidan da labarin bai shiga ba, kuma kowane gida ya riga ya yanke wa wanda ya yi hukunci.

Shekara ashirin da biyu ke nan da ma'aikatan masaƙar suka yi yajin aiki. Gwamnatin soja ta lokacin ta rufe masaƙar, ta mai da ita wurin tsare mutane har tsawon wata uku. Mutum goma sha bakwai aka kwashe daga gidajensu, babu wanda ya sake sa su a ido. Amsar da ake bai wa iyalansu ba ta taɓa canzawa ba: an sake su, sun tsallaka iyaka, su suka san inda suka nufa. Sai bana, da aka kafa hukumar binciken gaskiya, masana suka zo da na'ura suka auna ƙasar bayan masaƙar, suka ce akwai mutane a ƙarƙashinta. Aka kewaye wurin da jan ƙyalle, aka tsayar da ranar Litinin.

Lauyar hukumar ce ta aika aka ɗauko Mai Sawu. Dattijo ne gajere, ya yi shekara talatin yana gadin gandun daji, yana bin ɓarayin katako da maharba ta inda suka taka. Ya fi kallon ƙafar mutum a kan fuskarsa, har matarsa kan ce ranar da ta canza takalmi sai ya wuce ta a hanya bai gane ta ba.

Lauya ta tare shi a bakin ƙyallen, fuskarta babu annuri. Ta ce, "Baba, in lauyoyin tsofaffin hafsoshin sojan da ake zargi suka ji an taɓa wurin, za su ce shaida ta lalace, kotu ta dakatar da mu. Ga unguwa kuma ta taso wa Saja, ana maganar ƙona masa gida."

"Wane ne Saja?"

"Tsohon soja ne. Yana cikin masu gadin wurin nan a wancan lokaci. Da ya yi ritaya ya dawo unguwar ya zauna, babu mai gaishe shi."

Mai Sawu ya tuɓe takalmansa ya riƙe a hannu. Ramin da aka tona yana kusurwar arewa, taku uku a wajen ƙyallen, wurin da masu na'ura ma ba su kai ba. Ba shi da faɗi. An mayar da ƙasar, kuma ba da shebur ba: ga shatin yatsu nan inda aka bi aka shafe ta, kamar yadda uwa ke gyara wa ɗa mayafi. Ya daɗe a tsugune yana kallon shatin.

Daga nan ya bi sawun da baya da baya. Babban takalmin soja ne, mai ƙarfe a dunduniya. Ya shigo ta inda katangar baya ta rushe, ya miƙe sak kamar mai sanin inda za shi. Amma a tsakiyar fili, inda babu dutse, babu ƙaya, babu komai sai ciyawa, sawun ya karkata dama, ya yi kwana mai faɗi, sannan ya dawo kan hanyarsa. Da zai koma ma haka ya yi.

"Ka ga wani abu?" in ji Lauya.

"Na ga inda bai taka ba," in ji shi.

Ƙungiyar iyalan waɗanda aka ɓatar a shagon Mai Keke take haɗuwa, wata tela da mijinta ke cikin goma sha bakwai ɗin. Hotunansu na jere a bango, sama da tarin yadudduka. Mai Sawu ya same ta a kan keken ɗinkinta, amma ƙafarta ba ta motsi. Gefenta wani siririn mutum mai farin gilashi yana ta fama da wasu samari a bakin ƙofa, yana ba su haƙuri kada su je gidan Saja.

Wannan shi ne Sakatare, yayan mijinta. Shi ne sakataren ƙungiyar ma'aikata a lokacin yajin, shi ne kuma ya riƙe ƙungiyar iyalai tun daga ranar farko. Shi ya rubuta duk takardun koke, shi ya yi ta zarya ofis-ofis har aka san fuskarsa a ko'ina.

Mai Keke ta ce, "Ba don Yaya ba, da tuni mun watse. Shi ya yi wa 'yata komai, tun daga makaranta. Tana da wata huɗu a ciki aka tafi da ubanta."

Mai Sawu ya karɓi kujera, ya tambayi Sakatare ko shi ma an kama shi a lokacin.

"An kama ni, dare ɗaya da ƙanina. Amma ni ofishin 'yan sanda na cikin gari aka kai ni. Kwana arba'in na yi a can. Ban taka masaƙar nan ba tun ranar da aka rufe ta, sai bana da muka shiga tare da hukuma." Ya cire gilashinsa ya goge da bakin riga. "Baba, ba na son a ɗauki doka a hannu. Amma kai ma ka ga takalmin. A unguwar nan mutum ɗaya ne mai irinsa."

"Na ga takalmi," in ji Mai Sawu. "Ƙafar da ke ciki nake nema."

Mai Keke ta ɗago ta dube shi a karo na farko. Ta ce, "Ni ba ɗauri nake nema wa kowa ba. So nake a ce mini ga inda yake, ga yadda aka yi. Shekara ashirin da biyu ban san ko ni matar aure ce ko mai takaba ba."

Gidan Saja na ƙarshen layi, tagarsa ɗaya an riga an fasa ta da dutse. Ya leƙo ta ƙofa da sanda a hannu, sai da ya ga furfura sannan ya buɗe. Ƙato ne wanda tsufa ya fara rusawa. Mai Sawu ya bar shi ya shige gaba, ya bi bayansa yana kallon ƙasa. Ƙafar hagu Saja ke ja, tana barin dogon layi a tsakar gida.

"Kai ma ka zo ka ce ni ne?"

"Na zo in ga takalminka."

"To ka makara. Mako guda ke nan yana wurin mai gyara, dunduniya ta ɓalle. Je ka tambaye shi, in zai faɗi gaskiya. Ai shi ma tsohon ɗan masaƙa ne, da zai samu dama da haƙori zai cinye ni."

"Jiya ina ka kwana?"

Saja ya yi dariyar da babu daɗi a ciki. "A ina zan kwana? Wa zai ba ni wurin kwana a garin nan? Ni kaɗai nake, babu mai shaidata sai kyanwa."

Mai Sawu ya sake duban layin da ƙafar mutumin ta bari a tsakar gida. Abin da ya tabbata shi ne sawun bayan masaƙa ba ya jan ƙafa. Amma gurgu na iya aika mai lafiya.

Rumfar mai gyaran takalmi na jingine da bangon shagon Mai Keke. Da ya ji tambayar sai ya tsaya da allura a iska, ya shiga rantse-rantse tun kafin a zarge shi.

"Wallahi a nan na ajiye shi, ƙarƙashin bencin nan! Ranar Alhamis na gama shi, jiya da yamma na duba babu. Na yi shiru ne don kada mutumin nan ya ce da gangan na yi."

"Wa ke zama a bencin?"

"Wa ba ya zama? Duk 'yan ƙungiya nan suke shan shayi kafin taro. Rumfar nan ko ƙofa ba ta da ita."

Mai Sawu ya dubi ƙafafunsa: manya, masu faɗi, sun fi takalmin Saja girma. Wanda ya taka bayan masaƙa kuwa ƙafarsa na yawo a cikin takalmin, dunduniya ta nutse, gaban da ƙyar ya taɓa ƙasa. Sai dai ƙananan ƙafafu sun cika unguwar, har da na Mai Keke.

"An ce ka yi aiki a masaƙa."

"Shekara goma sha ɗaya, a ɓangaren rini."

"Filin da ke tsakanin katangar baya da kusurwar arewa, me ke tsakiyarsa a lokacinku? Rijiya? Ɗaki?"

Mai gyara ya yamutsa fuska. "Babu komai. Fili ne fetal, nan muke buga ƙwallo da hutun rana. Ni ne ma mai tsaron gida, shi ya sa ba mu taɓa cin wasa ba."

Mai Sawu ya yi murmushi, ya yi masa sallama. Ya koma masaƙa shi kaɗai, ya tsaya a wurin da sawun ya kauce wa. Da rana ta karkata sai ya ga abin da hasken hantsi ya ɓoye: ƙasar ta ɗan lotsa, ciyawarta ta fi ta kewaye duhu. Ya soka sandarsa, ta shige ba gardama.

Kafin magariba ya sake ƙwanƙwasa ƙofar Saja.

"Me kuka haƙa a tsakiyar filin baya?"

Saja ya amsa da dusasshiyar murya. "Ramin horo. Makon farko aka sa muka haƙa, tsayin mutum biyu. Wanda ya ƙi magana a jefa shi, kwana biyu, kwana uku, rana ta dake shi, ruwa ya dake shi. Ana gobe za mu tashi aka cike shi, aka bi da mota aka daddanne."

"Ban da ku, wa ya san da shi?"

"Sai waɗanda aka jefa. Su kuwa ka san inda suke."

Ranar Lahadi da safe Lauya ta tara mutane a bayan masaƙa, kamar yadda Mai Sawu ya roƙa. Iyalai suka zo, 'yan kallo suka hau katanga. Aka kawo Saja tsakanin 'yan sanda biyu, jama'a na ta gunaguni.

Lauya ta fara magana. Ta ce dokar duniya ta amince cewa dangin wanda aka ɓatar suna da haƙƙin sanin abin da ya same shi, da inda yake, da yadda aka yi. Ta ce wannan ba alfarma ba ce da gwamnati za ta yi in ta ga dama, haƙƙi ne, kuma duk wanda ya taɓa wurin nan haƙƙin ya taɓa.

Mai Sawu ya riga ya sa an share filin tun daga rusasshiyar katanga har kusurwar arewa. Ya ce, "Ba wani abu mai wuya ba ne. Duk wanda na kira, ya tako daga nan zuwa wancan ƙyallen. Tafiyarku nake son gani."

Kowa ya ɗauka girman ƙafa zai auna. Mai gyaran takalmi ya fara, yana tafe yana rantsuwa, ya ratsa tsakiyar filin ya wuce. Mai gadi ya bi. Mai Keke ta ja mayafinta ta miƙe sak. Lauya ma ta taka, don kada a ce an ware wani. Da aka zo kan Saja, ya ja ƙafarsa har tsakiya, sai ya karkata dama ya kewaye.

"Saura kai, Sakatare."

Sakatare ya gyara gilashi, ya yi ɗan murmushi irin na wanda ke biye wa tsoho. Ya taho da takalminsa na ofis, kansa a sama, yana ma yi wa wata tsohuwa sannu. Da ya iso tsakiyar filin, ƙafarsa ta karkata dama da kanta. Ya yi kwana mai faɗi, ya dawo kan hanya, ya isa ƙyallen ya juyo.

Mai Sawu ya tako a hankali ya tsaya a kan wurin da ya lotsa. Ya ce, "Jama'a, ku dubi ƙasa. Mutum huɗu sun bi ta nan, ba su ga komai ba, don babu abin gani. Mutum biyu sun kauce. A nan akwai rami da sojoji suka haƙa bayan an rufe masaƙa, suka cike shi kafin su tashi. Saja ya san shi, da hannunsa aka haƙa. Wanda ya zo shekaranjiya da takalmin Saja shi ma ya kauce masa, zuwa da komawa, amma ba ya jan ƙafa." Ya juya. "Sakatare, jiya ka ce mini ba a taɓa kawo ka nan ba. Zo ka tsaya kusa da ni."

Sakatare ya ɗaga ƙafa, ya yi taku biyu, ya tsaya a bakin ciyawar mai duhu. Gumi ya keto masa. Ya sake gwadawa, ya kasa taka ta.

Daga gefe Saja ya yi magana, kansa a ƙasa. "Ni a ƙofa nake, ban san fuskokinsu ba, da buhu a kai ake shigo da su. Amma ni ke karɓar kwanukan abinci. Kullum ina jin kuna cewa goma sha bakwai. Goma sha takwas nake karɓa."

"Yaya?" in ji Mai Keke. Muryarta ko rawa ba ta yi ba. "Yaya, dube ni."

Bai iya ba. Ya zauna daɓas a ƙasa, ya sa hannu a aljihu, ya fito da wani ɗan ƙarfe mai tsatsa, irin lambar da ake maƙala wa rigar kowane ma'aikacin masaƙa.

"Tawa ce," ya ce. "Kwana uku na yi a ramin nan. Da suka fito da ni, shebur suka ba ni. Ni na binne su, duka. Ƙanina ne na ƙarshe, na roƙa aka bar ni na ware masa wuri. Ba ni da likkafani, sai na tuɓe rigar aikina na rufe masa fuska. Na manta da lambar a jikinta. Da na ji za a haƙa, na san in suka faɗaɗa za su kai kansa, su ga lambata." Ya juya lambar a hannunsa. "Sun sa na sa hannu a takarda cewa a gabana aka sake su. Babbansu ya ce ranar da na buɗe baki, da matar ƙanina mai ciki zai fara."

"Gwamnatinsu ta faɗi shekara goma sha biyar da suka wuce," in ji Lauya.

"Na sani. Shekarar farko tsoro ne. Daga baya kunya ce. Ta yaya zan dubi matan nan in ce duk zaryar da muke yi na san inda suke? Kowace shekara sai abin ya ƙara nauyi. Na yi ta tura takardu ina fatan wani ya gano, ba ta bakina ba."

"Shi ya sa ka sa takalmina," in ji Saja, "don a ƙona ni."

Sakatare bai musa ba.

Wasu samari suka diro daga katanga, amma Mai Keke ta ɗaga hannu, suka tsaya. Ta tako har gabansa. Mai Sawu ya ga mutane da yawa a ranar da asirinsu ya tonu, ya ga masu kuka da masu duka. Bai taɓa ganin irin wannan natsuwar ba, sai ya ji ta fi ba shi tsoro.

"Sau nawa na tambaye ka, Yaya? Ranar da na haihu na tambaye ka. Ranar da Inna za ta rasu ta riƙe hannunka ta tambaye ka, ka ce mata wataƙila yana wata ƙasa." Ta numfasa. "Ba yau zan ce na yafe ba, ba yau zan ce ban yafe ba. Yau tambaya zan yi, kuma za ka amsa. Ya sha wuya?"

"Ya sha. Kwana tara. Rana ta goma harsashi ɗaya ne, bai daɗe ba."

"Ya yi magana?"

"Ya ce in mace ce a sa mata sunan Inna."

Mai Keke ta rufe ido. 'Yarta budurwa ta fito daga cikin taron ta riƙe ta, suka tsaya a haka.

Lauya ta buɗe jakarta ta fito da rakoda. Ta ce taɓa kabari da ɗora wa wani duk laifi ne, kuma za a yi maganarsa a inda ya dace. Amma yanzu hukuma na da abin da ba ta taɓa samu ba, wato wanda ya gani da idonsa. Ta dubi Saja. Ya ce shi ma a rubuta, ya san sunan wanda ya ba da umarni, da na direban motar.

"Kafin wannan," in ji Mai Keke, "ya tashi ya nuna wa kowa nasa."

Mai gyaran takalmi ne ya kama Sakatare ya miƙar da shi, ba da taushi ba. Suka bi gefen jan ƙyallen. Sakatare ya tsaya a farkon layin, ya nuna ƙasa, ya ambaci suna. Wata mata ta fito daga cikin jama'a da 'ya'yanta maza biyu, suka je suka tsaya daidai wurin. Ya matsa taku ɗaya, ya ambaci na biyu. Bai yi tuntuɓe a kan ko ɗaya ba, ashe duk shekarun nan a jere suke a kansa.

Mai Sawu ya zauna a kan rusasshiyar katanga yana kallo, aikinsa ya ƙare. A wuri na goma sha ɗaya aka kira suna, babu wanda ya fito. Aka sake kira. Wani ya ce iyayensa sun rasu, matarsa ta bar garin tun da daɗewa, ba a san inda take ba.

Wurin ya zauna babu kowa a tsakanin iyali biyu. Mai Sawu ya dubi hagu, ya dubi dama. Sai ya sauko daga katangar, ya karkaɗe rigarsa, ya je ya tsaya a wurin, ya ce wa Sakatare, "Ci gaba."